Kafa Ba Ƙafa Ba Ce

Ko da za a wanke mini kai da sabulu, akwai abu guda da na san ba zai fita ba har in koma ga Mahaliccina, shi ne abin da ya shiga tsakanina da kakata a daminar da na tafi kallon ruwa. Shekara shida ke nan, amma har yau in na ga ana gasa tumu a bakin hanya sai in kau da kai. Ban taɓa ba da labarin nan a cikin mutane ba, don ba irin wanda mutum ke bayarwa yana ɗaga kai ba ne. Yau dai na ce bari in rubuta shi, ko wani zai tsira daga abin da ni ban tsira ba.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a Kankiya, amma asalinmu mutanen Kaikai ne, cikin ƙasar Kusada. Kakata, wadda ta haifi mahaifina, a hannunta aka yaye ni, kuma da aka zo ɗaukata bayan yaye ta ce ba inda za ni. Haka na zauna wurinta har na gama firamare. Ina yaro ina fama da ciwon ƙirji, da sanyi ya taɓa ni sai numfashi ya riƙa fita da ƙyar yana kuka. Ita ke dafa mini citta da kanumfari, ita ke tsare ni a ɗaki in ana ruwa, alhali duk yaran unguwa suna waje suna tsalle. Da mahaifina ya rasu kuwa, sai na zama ni kaɗai ne abin da ya bar mata.

Kun dai san wasan kaka da jika. Ban taɓa kiranta da wani suna ba sai Tsohuwa, ita kuma ta ce da ni Maigida. Ni mijinta ne marowaci da ba ya cefane, ita kuma matar da ta ƙi mutuwa ta hana ni auren yarinya. Maganar mutuwa ita ce gishirin wasanmu. Ina sauka daga babur za ta ce, "A'a, ka taho? Ai na ɗauka sai ranar da za a ɗauke ni." Ni kuma in ce, "Ke ɗin? Ai ke sai kin binne mu duka." Ta kai mini duka da mafici, a yi ta dariya. Kuma ba ta taɓa bari na ci ta ba. Duk abin da na faɗa sai ta rama, ko da na riga na tayar da babur, sai ta dogaro sandarta har zaure ta jefo mini ta ƙarshe. Ku riƙe wannan, don a kansa na yi kuskuren da na yi.

A shekarun farko na aikina ba ni da wani wurin hutu sai Kaikai. Ba na yin Asabar biyu ban je ba. In ɗauki babur da hantsi, in tsaya Kusada in sayi goro da sukari da sabulu, in ratsa gonaki ina gaisawa da mutane, kafin azahar ina zaune kan tabarmarta ana dama mini fura. Dogon hutun damina kuwa can nake ƙare shi. Lokacin ne gero ke nuna, kuma kowace shekara kan geron farko da za a karyo a gonar gidanmu nawa ne. Ita da kanta take gasa mini tumun, ta murje shi a faifai, ta hure, ta ce, "Ungo, marowaci, ci na banza."

Abin ya fara lalacewa ne daga ranar da na sayi kwamfutar cinya. Wai don aikin makaranta na saye ta, kuma wallahi da wannan niyyar na saya. Sai wani abokina mai shagon buga takardu ya sa mini wasan ƙwallo a ciki. Shi ke nan. Ranar Asabar in shirya zan tafi ƙauye, har na ɗaure kaya a bayan babur, sai in ce bari in biya shago mu buga wasa ɗaya. Wasa ɗayan nan sai a kira la'asar muna kansa. In kwance kayan in mayar ɗaki, in ce Asabar mai zuwa. Ga kuma babbar waya a hannu, in an ajiye wancan a ɗauki wannan.

Da raina ya fara damuna, maimakon in gyara hali sai na nemo dabara. Na sayi waya mai shafawa na kai wa Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta dawo gida tana kula da Tsohuwa tun da mijinta ya rasu. Gwaggo tana koyar da matan aure a Islamiyya, ba ta sha wuyar gane yadda ake danna wa a yi magana a tura ba. Muka zagaya gidan muna neman sabis, muka tarar ba inda yake kamawa sai gindin rumbu, can bayan turken awaki.

Tsohuwa tana zaune tana kallonmu, ta ce, "Wai mi kuke nema ga rumbu kamar kaji?"

Na zo na zauna kusa da ita ina yi mata bayani, ni a dole ga wayayye. Na ce, "Tsohuwa, wannan ita ake kira kafar sada zumunta. Daga yau duk lokacin da kika so ni, ga ni a ciki. Ki yi magana in ji, in yi ki ji, har hotona ki gani."

Ta ce, "Ƙahwar mi?"

Na ce, "Kafa, Tsohuwa, ba ƙafa ba. Kafa, wadda abu ke bi ya wuce."

Ta karɓi wayar ta juya ta gaba da baya, ta miƙo mini. "Kafa ai ta ɓera ce da kunama. Ni dai ƙahwa na sani. Wagga taka tana taka ƙasa?"

Na ce ba ta takawa.

"To ba ta iso Kaikai ba."

Muka yi dariya har Gwaggo tana share hawaye. Ni malamin Hausa, da nake jan kunnen yara kullum a kan lanƙwasar da ta raba kafa da ƙafa, ban ji komai a maganar ba sai ban dariya. Har na ba abokaina labari a shago, muka sake yin wata dariyar.

Da farko abin ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Gwaggo ta ɗauki muryar Tsohuwa a ɗaki, ta je gindin rumbu ta turo. Ni kuma in mayar da martani, a kai mata, ta sake ramawa. Wasanmu ya koma cikin waya bai rage komai ba, a ganina. Sai zuwa ya koma wata-wata. Daga nan ya koma daga Sallah sai Sallah. In raina ya tsunkule ni sai in ce ai jiya ma mun yi magana.

Kada ku ɗauka tafiya na daina. Tafiya ma sai lokacin na fara ta. Mu huɗu ne, ni da mai shago da wasu abokanmu biyu, duk wurin da muka gani a bidiyo an yi ado an tsaya an ɗauki hoto, sai mun je mun tsaya a daidai wurin. Mun je Kano don wani bene kawai. Mun je bakin wata madatsar ruwa, muka yi hayar kwalekwale, ba wanda ya dubi ruwan a cikinmu, kowa na duban fuskarsa a waya. Mu sauka, mu ɗauka, mu ɗora, mu zauna muna ƙirga waɗanda suka kalla. Wurin da ba zai yi kyau a hoto ba, a wurinmu ba wurin zuwa ba ne. To Kaikai me za ka ɗauka? Rumbu da awaki? Haka na riƙa tunani, Allah ya yafe mini. Tafiyar yini guda ba ta yi mini nisa, amma ta awa guda ta gagare ni.

A daminar da nake ba ku labari, mai shago ya nuno mana wani bidiyo. Wani wuri ne can wajen Filato, ruwa na zubowa daga kan dutse fari fat, samari na tsaye a ƙarƙashinsa suna ihu. Muka kalla ya fi sau goma. A take muka sa rana cikin dogon hutu, muka nemi motar da za ta kai mu. Na ɗinka sababbin kaya saboda tafiyar nan, har da tabarau na saya.

Saura kwana uku mu tashi, muna shago da rana ana buga ƙwallo, saƙon murya ya shigo daga Gwaggo. Na saƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, hannuwana na kan wasa. Gwaggo ta gaishe ni, ta ce, "Inna na jin jiki kwana biyun ga, amma da sauƙi. Ga ta, tana son magana da kai." Sai muryar Tsohuwa ta biyo baya, a hankali.

"Maigida, gero ya yi. Na sa an karyo maka tumunka. Ka taho mu gana. Ni dai ina jin tahiya ta matso."

Kai jama'a! Wane Bahaushe ne bai san "da sauƙi" ba? Mutum na kan gargara ma da sauƙi ake cewa. Wane Bahaushe ne bai san abin da tsoho ke nufi in ya ce a zo a gana ba? A duk shekarun da muka yi muna wasan mutuwa, ba ta taɓa sa wannan kalma a ciki ba. Da a gabanta nake zaune, da na ga yadda ta rame, da na ga ba ta ɗaga mafici ba, da wasan ya maƙale mini a wuya. Amma ni murya kawai na ji, ita ma da rabin kunne, idona na kan ƙwallon ƙarya.

Na tsayar da wasan, na danna, na yi magana da ƙarfi don abokaina su ji.

"Tsohuwa, ke kullum tafiya ta matso, amma ba mu taɓa ganin kin ɗaure kaya ba. An tura mu bita daga makaranta, sai na dawo. In kin matsu ki yi gaba abinki, ni ma in huta in auro yarinya."

Shago ya ɗauki dariya. Ba wata bita, ƙarya ce na shara mata don kada ta ce na fifita yawo a kanta. Bayan la'asar na duba, alama ta nuna an saurara. Na jira ramuwa, shiru. Washegari ma shiru. Wallahi har murna na yi, na ce wa mai shago, "Yau dai na ci Tsohuwa, ta rasa ta cewa." Matar da ke dogaro sanda har zaure don kada ta bar ni da ta ƙarshe ta yi shiru kwana biyu, ni kuma na ɗauka nasara na yi.

Muka tafi. Yini guda cur muna cikin mota. Tun a hanya na rufe bakin zauren danginmu na waya, don kada dogayen gaisuwarsu da wa'azinsu su cinye mini caji. Washegari muka isa wurin ruwan. In faɗi gaskiya, bai kai yadda yake a bidiyo ba. Ga cunkoso, ga ledoji a ko'ina, kowa na jiran layi ya tsaya kan dutse guda da duk aka sani a hoto. Da layi ya zo kaina na tuɓe riga, na shiga ƙarƙashin ruwan da 'yar singileti. Sanyinsa kamar ƙanƙara, haƙorana na haɗuwa, amma na buɗe hannuwa na washe baki na yi ihu, "Rayuwa ke nan!" Mai shago ya ɗauka. Kafin la'asar na ɗora a shafina. Sam na manta cewa ni da hannuna na haɗa wayar Gwaggo da shafin nan, don Tsohuwa ta riƙa ganin hotona.

Rana ta uku muka hau duwatsu tun da safe, inda ba sabis ko ɗigo. Sai bayan la'asar muka sauko. Muna isowa inda yake kamawa wayata ta hau rawa a aljihu ba tsayawa. Kun san abin da na fara buɗewa? Ba jerin kiran da na rasa ba. Shafina na buɗe, in ga mutum nawa suka kalli bidiyona.

Sun kalla kuwa, fiye da duk abin da na taɓa ɗorawa. Na gangara ƙasa in karanta yabo. Na farko ya ce wuri ya yi kyau. Na biyu ma haka. Na uku ya rubuta, "Allah ya jiƙan ta." Na ce wannan ya ɓata hanya. Na huɗu ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri." Na biyar, na shida, duk haka, jere a ƙarƙashin hotona ina washe baki cikin ruwa. Sai na iso kan na wani ɗan'uwanmu na Rimaye, wanda ba ya ɓoye magana. Ya rubuta, "Kai wai kana ina ne? An kai Inna tun kafin azahar."

Na zauna a ƙasa a gefen hanya. Na duba kira, Baffa, ƙanen mahaifina, ya kira ni tun hantsi har ya gaji. Gwaggo ta kira da wayar aro. Mutanen da ban ma san suna da lambata ba sun kira. Lokacin da ake wanke ta ina kan dutse ina gyara tabarau. Lokacin da ake sallarta ina cewa mai shago ya sake ɗauka, wancan bai fito da ni da kyau ba. Ban yi kuka a wurin ba. Amai na yi.

Da asuba na bar abokaina na shiga motar haya. Ban taɓa ganin hanya mai tsawon wannan ba. Sai da rana ta yi sanyi na isa Kankiya, na ɗauki babur ko ɗaki ban shiga ba. Daga Kusada zuwa Kaikai gero ya rufe hanya hagu da dama, ya yi kai ya sunkuya, irin shekarar da manoma ke so. Rabona da hanyar nan tun ƙaramar Sallah, ita ma ban kwana ba.

Na tarar da maza a ƙofar gida kan tabarmi ana zaman makoki. Na durƙusa gaban Baffa, ya riƙe hannuna ya ce, "Sai haƙuri, ɗana." Aka yi addu'a aka shafa. Sai wani dattijon malami da ya zo daga Sukuntuni, aminin kakanmu ne, wanda ba ruwansa da waya, ya dube ni da tausayi ya ce, "Kai ne na wajenta ko? Allah sarki. Kun dai gana?"

Samarin da ke gefen tabarma duk suka sunkuyar da kai, don ba wanda bai ga bidiyon nan ba a cikinsu. Baffa ne ya amsa, idonsa na kan carbinsa.

"Bai samu zuwa ba, malam. Aiki ne ya riƙe shi, an tura su bita."

Da Baffa ya tashi ya kwaɗa mini mari a gaban mutane, da ya fi mini sauƙi. Ya san ƙarya ce, ya san na san ya sani, amma ya ɗauki ƙaryata ya rufa mini asiri da ita. Malamin ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ni kuma na ce amin da bakin da ya yi ƙaryar.

Na shiga cikin gida. Gwaggo na zaune a ɗakin Tsohuwa, an naɗe katifar an jingine, sandarta na bayan ƙofa. Ta amsa gaisuwata a taƙaice. Na daɗe a durƙushe kafin na iya tambayar abin da ke cina tun daga Filato.

"Gwaggo, ta ji saƙona?"

"Ta ji."

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komi ba. Ta juya ta ba ni baya."

Ta ci gaba, ba ta dube ni ba. Ta ce ana gobe Tsohuwa za ta rasu, bayan la'asar, ta kira ta ta ce, "Nemo mini Maigida cikin gilashin ga, in gan shi." Gwaggo ta je gindin rumbu, abin da ya fara sauka shi ne bidiyon ruwa. Ta tsaya tana shawarar ta ɓoye, Tsohuwa ta ƙwala mata kira ta ce ta ji muryata, a kawo. Ta kalla sau uku. A na farko ta ce, "Ashe bitar cikin ruwa ake yin ta." A na uku sai ta kama bakin zanenta ta riƙa goge gilashin wayar, a daidai ƙirjina.

"Sai ta ce in danna ta yi maka magana," in ji Gwaggo. "Na danna. Kahin in kai rumbu ruwa ya sauko, ita kuma jiki ya rikice, ban iya barin ta ba. Bai tahi ba. Ga shi nan."

Ta miƙo mini wayar da ni na saya. Saƙon na nan, da 'yar alamar agogo a gefensa, yana jiran sabis. Na danna. Da farko numfashi kawai nake ji, mai nauyi, da ƙarar ruwa a kan kwano. Sannan muryarta.

"Maigida. Hita daga ruwan ga. Ka san ƙirjinka. Ka sa riga."

Numfashi ya sake biyowa, ya daɗe.

"Tumunka na nan."

Shi ke nan. Ba zagi, ba gori, ba ramuwa. Na sake dannawa ko akwai abin da ban ji ba, babu. A nan ne kukan da ya ƙi zuwa tun jiya ya zo, na kifa kai a kan daɓen ɗakin da na yi rarrafe a cikinsa, na yi shi kamar yaron da aka yaye yau.

Da na lafa na ce, "Gwaggo, ta ce ta yafe mini?"

Sai a lokacin ta dube ni. Ta ce, "Ba ta ce ka yi mata laihi ba, balle ta yahe. Ni ce dai ban yahe ba tukuna. Kwana huɗu duk babur ɗin da ya wuce sai ta ce in leƙa."

Ta tashi ta sauko da faifai daga kan randa, an rufe shi da wani faifan. Kan gero uku ne, ba a gasa ba. Gwaggo ta ce sau biyu tana hura wuta za ta gasa, Tsohuwa ta hana, ta ce tumu da zafinsa ake ci, a bari sai na iso. Sun bushe, sun wuce gashi. Na murji kaɗan na zuba a baki, na tauna, na tauna, ya ƙi wucewa.

Washegari Baffa ya raka ni makabarta ya nuna mini. Ƙasar ba ta bushe ba, an jera ƙaya a kai. Na yi mata addu'ar da na iya. Na so in ce wani abu, irin abin da ake cewa in an gana, amma wa zan faɗa wa? Muka juyo, Baffa na gaba ina biye, har gida.

Sai da aka yi kusan shekara kafin Gwaggo ta sake yi mini dariya. Ban roƙe ta da baki ba, na san ba baki take jira ba. Babur na riƙa ɗauka duk Asabar biyu, ko ana ruwa ko ana rana, in je in zauna, wani lokaci ba ma wata hira. Ran nan ina shirin tafiya ta ce, "Allah shi yi maka albarka," na san an wuce wurin. Wasan ƙwallon na goge shi tun satin da na dawo. Bidiyon ma na sauke, amma ina amfanin? Wadda bai kamata ta gani ba ta riga ta gani. Wayar kam ban jefar ba, ƙarya ne in ce na jefar, da ita ma nake rubuta wannan. Abokaina har yanzu suna yawonsu suna ɗorawa, ban ce sun yi laifi ba, na dai san ba kowa ke da wanda ke leƙen babur saboda shi ba, wanda kuma yake da shi ba lalle ya sani ba.

A aji, in yaro ya rubuta kafa inda ya kamata ya rubuta ƙafa, nakan ja masa jan biro har takarda ta kusa yagewa. Yaran suna cewa malam ya cika zafi a kan 'yar lanƙwasa. Ba su san abin da ta ci mini ba.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma da tsada na saye shi. Waya tana kawo murya, ba ta kawo ramar fuska, ba ta nuna maka hannun da ya kasa ɗaga mafici. Duk kyan wurin da ka gani a gilashi, yana nan, dutse ba ya tsufa, ruwa zai sake zubowa baɗi. Tsohon da ya ce ka zo ku gana kuwa, ajiye abin da ke hannunka ka tafi a ranar, ko da kana zaton wasa yake. In wasan ne, ka yi asarar man babur. Ni na tsaya neman dariyar 'yan shago, kuma kalma ta ƙarshe da na faɗa wa matar da ta raine ni ita ce ta yi gaba in huta. Ta kuwa yi gaba. Hutun ne har yau ban samu ba.